Sawun Baƙo a Ramin Yumɓu

Kun zo kun ce in koya muku ginin tukwane cikin mako biyu, wai kun gani a waya, wata mata na juya laka, kafin a ƙifta ido tulu ya tsaya. Na ji. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, shi ya sa na sa a rubuta mini wannan yadda na faɗe shi, kar a gyara mini ko kalma ɗaya. Shekaruna a kan yumɓu sun fi shekarun iyayenku mata a duniya. Daga Bagudo har kasuwar Lolo, har garuruwan tsallaken iyaka, in kinka ɗaga randa kinka ga sawun tsuntsu mai yatsa uku a wuyanta, to ta Kulu ce, ni ke nan. Ku kuna tsammanin ado ne. Ku gyara zama.

Haƙa shi ne aikin farko, gini daga baya yake zuwa. Yumɓun kirki ba a bakin hanya yake ba. Namu yana can ƙasan gari, cikin kurmin giyayya, inda Kwara ke shiga ta kwana da damina. Kogin nan ruwa biyu gare shi a shekara. Farin ruwa na damina ne, mai laka, ya cika fadama, ya janye bayan kaka. Baƙin ruwa kuwa daga nesa yake zuwa, tsakiyar sanyi, ba hadari ba yayyafi, sai dai ki wayi gari ki ga ya hau. Tsakanin janyewar farin da hawan baƙin, nan ne lokacin maginiya. 'Yan makonni ne. Abin da kinka kwaso a cikinsu shi za ki gina har shekara ta zagayo, don in baƙin ya cika rami ba ya bushewa har damina ta riske shi.

Ramin gidanmu na lokacin ya kai zurfin maza biyu a tsaye. An sara matakala a gefe ɗaya. Ɗaya gefen, wanda ke kallon kogi, bango ne miƙe, saiwoyin giyayya na reto a jikinsa. Yumɓu mafi kyau yana gindin bangon nan, baƙi, mai danƙo, in kinka murza shi a yatsa kamar man shanu. Sai an shiga ƙarƙashi ake samunsa. Wato duk wadda ke haƙa, bangon a kanta yake.

Gwaggo Tumba, ƙanwar mahaifina, ita ta ɗauke ni tun ban iya ɗaura zane da kyau ba. Shekara uku ban taɓa gina ko kasko ba. Dakan tsingaro nake yi, wato fasassun tukwane, in tankaɗe a zuba cikin yumɓu don kar ya tsage a wuta. In taka yumɓu da ƙafa har ya daina kuka a ƙarƙashin diddige. In tara kashin shanu da kara da ciyawa na toyi, wato gasa tukwane. Kayan aikin Gwaggo duka a ƙwarya ɗaya suke: sakaina ta kankare ciki, tsumma na gyaran baki, dutsen kogi mai santsi na gogewa, totuwar masara da tsinken gamba na zane. Sai dagi, ƙarfen haƙa, wanda ta gada wurin uwarta, ƙotarsa ta yi baƙi da zufar mata uku. Bayan shekara ukun nan anka ba ni kasko, sannan tukunya, sannan tulu. Randa ita ce ƙarshe. Mace ba ta zama maginiya sai ta tsai da randar da yaro zai iya ɓuya a ciki.

Mai saye kuma ba ta da tausayi. Matan tsallake kan zo da kwalekwale, su ƙwanƙwasa randa da bayan yatsa, su kara kunne. In ta amsa da ƙara mai tsawo, a ɗauka. In ta ce "ƙwaf", a ajiye, ko kallonki ba a yi. Zane kuwa tun ina ƙarama na fi kowa a gidan. Abin da idona ya gani sau ɗaya, tsinkena zai fitar da shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu sai maganar tsuntsun. Mu a gidanmu Baƙo muke ce masa, ban san sunan da wasu ke kiransa ba. Bai kai kurciya ba. Bayansa duhu kamar gindin tukunya, cikinsa fari fat, ƙafafu dogaye sirara, baki miƙe kamar tsinke. In yana tafiya yana kaɗa gindi sama da ƙasa, kamar mai jin wani kiɗa da mu ba mu ji. In ya tashi sai ki ga farin tabo a saman wutsiyarsa, ya yi kuka mai kaifi sau uku, ya ɓace cikin itatuwa. Sauran tsuntsayen ruwa garke suke yi a kan yashi, a fili. Shi kuwa shi kaɗai yake yawo, kuma kududdufin ƙarƙashin itace yake so, inda inuwa take. Yana zuwa in farin ruwa ya fara janyewa. Yana tafiya in zafi ya kama, kafin shamuwa ta iso. Ban taɓa ganin su biyun a rana ɗaya ba. Ba wanda ya taɓa ganin sheƙarsa, ko ƙwansa, ko ɗansa, daga kakannina har ni. Wani malamin makaranta ya taɓa ce mini a wata ƙasa mai tsananin sanyi yake haihuwa, cikin daji, wai a tsohuwar sheƙar wani tsuntsu yake ƙwai. Na ce to, ko can ɗin ma baƙo ne ke nan.

Dokar ramin uku ce, kuma duka a kan Baƙo take. Ta farko, ba mai sauka sai ya riga ya taka ƙasan ramin. Gwaggo ta ce tsutsa yake nema, tsutsa kuwa ba ta zama inda ruwa ke tafiya a ƙarƙashi, shi ma ƙafarsa na jin motsin da tamu ba ta ji. Ta biyu, a duba sawun. In ya tsaya raɗau, busasshe, ƙasa ta kwanta. In ruwa ya taru a ciki, kogi na nan yana cin bangon ta baya. Ta uku, wadda ta kawo labarin sawu, ita za ta fara sauka, ta cika kwandon farko ita kaɗai. Da anka gaya mini ta ukun ina yarinya, na ɗauka girmamawa ce.

Shekarar da Gwaggo ta ce zan gina randata ta farko, ita ce mummunar shekarar. Lokacin yanar ido ta rufe mata gani, inuwar mutum kawai take gani, don haka ni ake aikawa duba rami kowace safiya. Farin ruwa ya janye a kan kari. Baƙo ma ya iso a kan kari. Na gan shi a kududdufin bayan gonar shinkafa, na gan shi a mashayar shanu. Amma raminmu ya ƙi. Zai zo ya zagaya sama da shi, ya yi kukansa, ya wuce. Kwana goma. Kwana ashirin. Ƙasan ramin sumul kamar an shafe da tsumma, ko ƙwaro bai ja layi a kai ba.

Ranar kasuwar Lolo munka je da 'yan ragowar tukwanen bara. Kusa da mu wata maginiya ce daga tsallaken iyaka, cikin Dandawa, ana ce mata Fati Doguwa, ta jera sababbin randuna har suna ƙamshin wuta. Ta dube mu ta dubi kayanmu.

"Tumba, wanga kaya ko na gado ne kunka fito da shi?"

Gwaggo ta ce, "Na bara ne, Fati. Bai tsufa kamarki ba."

"To ina na bana? Ko maigidan naku mai fiffike bai ba ku izini ba tukuna?" Ta juyo kaina. "Ke ce mai randar? Ki kai masa goro mana, ɗiyata, ko ya sauka. In ba haka ba baƙin ruwa ya riga ki."

Mata sunka yi ta dariya. Gwaggo ma ta yi. Ni ban yi ba.

Kasuwar da ta zagayo na ce kaina ke ciwo, anka bar ni gida. Da rana ta take tsaka na ɗauki doguwar gora, na ɗaure tsinken gamba uku a bakinta, na buɗe su yadda yatsun Baƙo suke, na gajarta na gefe kaɗan. Na shiga kurmi. Ba kowa, iska ma ba ta motsi. Na kwanta rub da ciki a matakalar ƙarshe don kar ƙafata ta taɓa ƙasan, na miƙa gorar na fara. Ban jera su kamar zanen tulu ba, wawa ce za ta yi haka. Na sa ya yi taku biyar ya tsaya, ya karkata hagu, ya dawo. Inda ya tsaya na huda ƙananan ramuka na baki, uku nan, biyu can. Na ɗiga ruwan toka a wuri biyu ya zama kashinsa. Na kai sawun har gindin bango. Da na gama na duba, ni kaina sai da na ɗaga kai na nemi tsuntsun.

Washegari bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, na koma. Kowane sawu ya cika da ruwa. Sun jeru suna ƙyalli kamar idanu, duk suna kallon sama. Na san abin da wannan ke nufi, shekara goma ana gaya mini. Na ɗaura tsumma a bakin gorar na bi su ɗaya bayan ɗaya na tsane. Sannan na ruga gida.

"Gwaggo, Baƙo ya sauka."

Tana zaune tana jan carbi. "Da idonki kinka gan shi?"

"Sawunsa na gani. Daga matakala har gindin bango."

"Akwai ruwa a ciki?"

"Babu."

Ta shafa fuska. "Alhamdu lillahi. Ɗauko dagina. Ke kinka kawo labari, ke za ki buɗe."

Mu biyar munka tafi: ni, Gwaggo, ɗiyarta Hajo mai ciki wata bakwai, da maƙwabta biyu masu ɗaukar kwando. A bakin rami Gwaggo ta ce wa Hajo ta duba mata. Hajo ta leƙa ta ce, "Inna, ga su nan raɗau, har da kashinsa. Bana kam ya yi yawo." Matan nan biyu, waɗanda sun fi shekara talatin suna ganin sawun nan, su ma sunka duba sunka ce haka ne. Ba wadda ta gane komai.

Saukata ke da wuya na ji ƙasar ba daidai take ba. Ta yi sanyi fiye da kima, kuma tana lotsawa tana dawowa, kamar na taka cikin saniya. Na kai dagi gindin bango, ya shige da sauƙin da ban taɓa ji ba. Yumɓun kuwa, wallahi ban sake ganin irinsa ba har yau. Na cika kwandon farko na miƙa. Gwaggo ta murza a yatsa, ta sansana, ta ce madalla. Hajo ta sauko a hankali, tana dafa matakala, ta durƙusa kusa da ni tana loda kwando na biyu.

Sai na ji wani sauti cikin bangon. Kun san kukan da tulu ke yi in an nutsa shi a kogi yana shan ruwa? Shi ne, amma can ciki, a hankali. Na dubi ƙasa. Sawun da ke gindin bango ya cika. Ina kallo na kusa da shi ya cika. Sai na gaba. Suna cika ɗaya bayan ɗaya, suna bin hanyar da na zana, suna tahowa inda muke, kamar wani abu ne ke takowa a cikinsu.

Daidai nan Baƙo ya gifta ta samanmu, ya yi kukansa sau uku. Daga sama na ji Gwaggo ta ce, kamar da kanta take magana, "Wanga kukan wucewa ne."

Na ce, "Hajo, hau sama."

Ta yi dariya ba ta ɗago ba. "Don ki kwashe mai kyan ke kaɗai? Randar taki ba guduwa za ta yi ba, sarauniyar magina."

"Hajo, ki hau, kin jiya."

"Ke wai lafiyarki? Baƙo ya taka, me zan ji tsoro?"

Haka ne kuwa. Muddin Baƙo ya taka, ba abin da zan faɗa ya ɗaga ta, an haife ta cikin dokar nan. Abu ɗaya ne kawai zai fitar da ita, kuma sai kowa ya ji shi.

Na ce, "Bai taka ba. Ni na yi sawun. Da tsinke na yi, jiya."

Hajo ta saki kwandon. Gwaggo ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Ku fito."

Mai ciki wata bakwai ba ta hawa da sauri. Na sa kafaɗa a ƙarƙashinta ina turawa, matan na ja ta sama. Ƙafarta ta bar matakala ta uku ke nan bangon ya zo. Mutane na tsammanin ƙara yake yi kamar aradu. Ba ya yi. Zama ya yi, kamar raƙumi in ya durƙusa, da wani dogon numfashi. Na ga saiwoyin giyayya sun miƙe a iska ba ƙasa a jikinsu. Da na dawo hayyacina, laka ta riƙe ni har ƙugu, ƙafar hagu a lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa.

Matan biyu sunka ruga gonakin shinkafa kiran maza. Hajo na kwance a sama tana salati. Gwaggo na zaune a bakin ramin, ba ta ganin matakala balle ta sauko. Kurmin ya koma shiru, sautin cikin bangon ma ya daina.

Sai ga Baƙo. Ya sauko ba kuka, ya dira a kan sabuwar ƙasar da ta zube, kusa da ni har in na miƙa hannu zan taɓa shi. Ya kaɗa gindi. Ya yi taku biyar ya tsaya, ya soka baki, ya karkata hagu. Ya dube ni da ido ɗaya, baƙi, mai farin zobe, ya ci gaba da kiwonsa kamar ni kututture ce. Kwana ashirin da bakwai muna jiransa.

Gwaggo ta ce, "Kulu, me nake ji?"

"Baƙo ne, Gwaggo. Ya sauka."

Sannan ta ce, "Akwai ruwa a sawun?"

Na duba da kyau. "Babu."

"To," in ji ta. "Ramin ya huce."

Maza sunka tono ni da fartanya da hannu. Wani maɗori daga Matsinkai ya ɗora ƙafar, ita ce wannan da kuke ganin ina ja. Dagin Gwaggo yana can ƙasa har yau. Kwana tara bayan nan baƙin ruwa ya hau, da wuri fiye da yadda tsofaffi sunka saba gani, ya shafe wurin. Ramin da ya ciyar da gidanmu tun kakar Gwaggo ya tafi ke nan, kuma a shekarar kwando ɗaya tak munka samu. Sai da Gwaggo, da girmanta da makantarta, ta shiga kwalekwale ta je tsallake roƙon yumɓu. Fati Doguwa ta cika mata jirgi, ba ta karɓi komai ba, amma ta ba da saƙo: "Ku gai da Kulu. In ta tashi ta zo ta zana mini tukwanena, na ji hannunta har tsuntsu yake haifarwa."

Ina kwance na tambayi Gwaggo ko ta yi zargin wani abu a safiyar nan. Ta ce, "Da na yi zargi zan bar ɗiyata ta sauka da ciki? Kin ruɗe ni, kin ruɗe mata uku masu ido. Ban taɓa ganin hannu irin naki ba." Ba yabo take yi ba. Ta yanke mini shekara uku ba na kusantar rami, na koma dakan tsingaro tare da yara, ga ni da aure. Ranar da ta sake ba ni yumɓu in gina, ta miƙo mini tsinken gamba uku a ɗaure. Ta ce, "Duk abin da kinka gina har ki mutu, ki sa masa wanga sawu a wuya. Tun da kin iya, ki yi shi inda ba zai kashe kowa ba."

Randar farko da na tsayar, da yumɓun kwandon nan ɗaya na gina ta, Gwaggo ta ɓoye shi a ɗaki shekara uku tana yayyafa masa ruwa. Ba a sayar da ita ba. Tana gidan Hajo, har yanzu ana shan ruwa a ciki. Cikin da Hajo ke ɗauke da shi ranar nan kuwa, ita ce uwar Saratu, wannan da ke zaune cikinku tana cewa mako biyu ya isa.

Yanzu roba ta cika kasuwa, kuma ruwan kogin ma ba ya bin lokacinsa kamar da. Amma mai son ruwa mai sanyi har gobe randa take nema, kuma sabon raminmu shi ma bango gare shi ta wajen kogi. Baƙo ya iso bana, na ji kukansa ta bayan gonar shinkafa yau kwana goma sha ɗaya. Bai sauka ba tukuna. Na san kun ƙosa, na ji kuna cewa a kira mai keke mai ƙafa uku a kwaso kawai.

Yanar ido ta rufe mini gani kamar yadda ta rufe na Gwaggo. Inuwarku kawai nake gani. Gobe ko jibi ɗayarku za ta shigo da gudu ta ce mini ya sauka, kuma ba ni da yadda zan duba. Zan tambaye ta ko akwai ruwa a sawun, abin da ta faɗa shi zan ɗauka. Sannan in miƙa mata dagi.